Fasfon da Na Ɓoye da Sunan da Ban Kira Ba

Woolwich,
safiyar Juma'a.

Zuwa ga babbar 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ko da kuwa yau ba kya son jin ta. Ina fata kin tashi lafiya a can Deptford, kuma ƙawarki Rifkatu da mutanen gidansu suna lafiya. Ki yi musu godiya da suka ba ki wurin kwana. Allah ya tsare ki a inda kike, ya tsare ki a inda za ki, ya sa takardar nan ta same ki zuciyarki ta ɗan huce.

Fasfonki yana cikin wannan ambulan. Ni na ɗauke shi. Ranar Litinin da safe, kina wanka, na zare shi daga aljihun jakarki, na naɗe a leda, na tura shi ƙasan robar daddawa da ke saman kabad ɗin kicin, inda na san ko shekara za ki yi kina nema ba za ki kai hannu ba, tunda ke da daddawa sai dai ku haɗu a miya. Na goge shi iya gogewa. Idan ma'aikacin filin jirgi ya buɗe ya yamutsa fuska, ki ce masa aikin uwarki ne.

Ban rubuto don in ce ki fasa ba. Jirginku gobe Asabar ne, ki je Thailand ɗinki, ki ga tsibiran da kika yi shekara kina mana labari. Amma kafin ki zuge jaka, ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe. Na san karatun Hausarki a hankali yake tafiya, kuma na san za ki ce me ya hana in turo saƙo a waya. Da Turanci na iya neman hutu a wurin aiki, na iya faɗa da council, wato hukumar unguwa, amma abin da ke cikin takardar nan ya ƙi fita da Turanci.

Abin da ya fi ɗaukar fasfon muni shi ne neman da na taya ki. Ranar Talata na kama miki katifa muka ɗaga tare. Na leƙa bayan kujera, har ina cewa ko a wurin aikinki kika bar shi. Ina kallonki kina ta zazzage jakunkuna. Ranar Laraba da yamma kika tsaya a ƙofar kicin kika ce, "Mama, look at me. Ki ce wallahi ba ki gan shi ba." Na ce miyata za ta kama, na juya miki baya. A nan kika gane. Kika ce, "Idan su Rifkatu suka tafi ba ni, ba zan sake kwana a flat ɗin nan ba. I mean it." Kin ja jakarki har bakin ƙofa, sannan kika waiwayo kika ƙara wadda ta fi zafi: "Ko sunana ba kya iya faɗa, amma kin iya riƙe ni."

Tun daga lokacin maganar take min yawo a kai. Abbanki da ya dawo daga tuƙin bas bai yi min faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Ya zauna ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Zan kai mata abinta. Amma ba zan kai fasfo babu dalili ba. Ki rubuta mata dalilin, duka, ba rabi ba." Shi zai miƙo miki wannan kafin ya shiga aiki. Kada ki sauke masa fushin, bai san na ɗauka ba sai bayan kin fita.

Nasihata ta farko daga nan ta fito. Idan kina tsoron wani abu game da wanda kike so, ki buɗe baki ki faɗa masa, ko da zai yi miki dariya. Ni na zaɓi sata a kan magana, ina 'yar shekara hamsin da biyu, ina sallah biyar a rana. Kada ki ɗauki wannan halin a wurina.

Ga abin da ya sa na yi. Ranar Lahadi da rana kina falo kina waya da ƙawayenki, ni ina kicin ina yanka kuɓewa. Kuna maganar jirgin ruwan da kuka yi booking, wanda zai zagaya da ku tsibirai huɗu, a tsaya a tsakiyar teku kowa ya sauka ya kalli kifaye. Na ji wata ta tambaye ki ko kin iya iyo. Na ji kin yi 'yar dariyar nan taki ta ƙarya, wadda na sani tun kina firamare, kika ce, "Yeah, a bit. I'll be fine." Wuƙar ta kusa shiga yatsana.

Ba ki iya iyo ba. Ko kaɗan ɗin da kika ce ba ki iya ba. Ba ki taɓa shiga ruwan da ya wuce na bahon wanka ba, kuma ni na fi kowa sani, domin ni na hana.

Daga baya kika kawo min wayarki kina nuna min hotunan wurin. Ruwa kore shar, duwatsu tsaye a cikinsa, ga jiragen katako dogaye an ɗaure musu ƙyallaye masu launi a goshi, inji a wutsiya. Kika ce, "Mama, ba kyau?" Na ce da kyau. Amma abin da na gani daban ne. Cire ƙyallayen nan, kwale-kwalen garinmu Yawuri ne sak, irin wanda mutanen tsibiran kogi ke shigowa da shi ranar kasuwa da albasa da kifi. Mu ma muna da tsibirai, ban taɓa gaya miki ba.

Yanzu sai maganar kunne. Kunnenki lafiyarsa ƙalau, haka aka haife ki da shi. Lokacin da kike aji huɗu makarantarku ta fara kai ku koyon iyo duk ranar Alhamis. Kin dawo gida da takarda kina tsalle, har kin zaɓi kalar rigar da za a saya miki. Ni kuwa na zauna na rubuta wa malamarku cewa kina da ciwon kunne, likita ya hana ruwa ya shiga. Babu likitan da ya faɗa. Mako ya zagayo na sake rubutawa, har shekara ta ƙare, har ta gaba. Ke ma na gaya miki hakan, har ina cusa miki auduga idan za a wanke miki kai, don ƙaryar ta zauna da kyau. Wata Alhamis na je ɗaukar ki da wuri, na hango ki ta gilashi zaune a benci da kayan makarantarki, kin rungume jaka, sauran yara suna ta ihu a ruwa. Kin ɗaga min hannu. Na ɗaga miki, kuma mako mai zuwa na sake rubuta takardar.

Na ɗauka idan na raba ki da ruwa na tsare ki. Abin da na yi a gaskiya shi ne na rene ki a ƙasar da take tsibiri, a gari mai kogi a tsakiya, na bar ki ba ki san yadda za ki ɗaga kanki sama da ruwa ba. Kuma na bar ki da kunyar faɗa, har kike yi wa ƙawayenki ƙarya.

Don haka ki saurare ni da kyau, wannan ce nasihar da na fi so ki riƙe. Yau ɗin nan, ba gobe a jirgi ba, ki zaunar da Rifkatu da ɗayar ƙawar taku ki ce musu ba ki iya iyo ba. Ki ce uwarki ce ta hana ki, ki ɗora min laifin duka, nawa ne. Idan kun je, kafin ki sa ƙafa a kowane jirgin ruwa ki gaya wa mai jirgin da bakinki. Ki sa rigar nan mai hana nutsewa, ki ɗaure igiyoyinta duka, har ta tsakanin ƙafa. Na san ki da hoto, za ki ce ta sa ki yi kama da buhun gero. Ki yi kama da shi. Kada ki cire ta don hoto ɗaya, kada ki cire ta don wani ya ce ruwan bai da zurfi. Idan jirgin ba shi da rigar, ki sauka, ki zauna a gaɓa ki sha ruwan kwakwa har su dawo. Idan kowa ya yi tsalle ya faɗa ruwa aka bar ki ke kaɗai a jirgi, ki zauna. Kin taɓa zama a benci shekara biyu saboda ƙaryata, ki ƙara yini ɗaya saboda ranki.

Waɗannan bayanan ba daga kaina na ƙirƙiro su ba. Jiya Alhamis na je na tambayi wadda ta sani, kuma zuwan bai zo min da sauƙi ba, domin sai da na bi ta kan wani tsohon kuskurena.

Kin tuna Nok, 'yar Thailand ɗin nan da muke aikin kula da marasa lafiya tare a asibiti a Camberwell? 'Yar gajeriya, mai saurin tafiya, wadda ta zo sunan ƙanwarki Nana da ɗankwalin da ta aro, ta ɗaura shi a karkace, ta zauna a ƙasa cikin mata ta ci waina har tana neman ƙari. Shekaru muka yi ita ke tsaya min a ƙofar ɗakin ajiye zannuwan gado in yi azahar. Da azumi takan karɓi ayyuka masu nauyi ta bar min masu sauƙi, ba tare da na roƙa ba. Ba ta taɓa tambayata me ya sa nake kifa goshi a ƙasa ba.

Shekara shida da suka wuce mijinta ya rasu. Aka yi zaman makoki a gidan ibadarsu, muka tafi mu biyar daga wurin aiki. Da muka isa na ga takalma jere a ƙofa kamar na masallaci, na ji ƙamshin turare, na leƙa na hango ƙaton mutum-mutumi ruwan zinariya da malamansu zaune cikin mayafai ruwan lemo. Ƙafata ta ƙi. Sauran suka shiga, na tsaya a waje. Wannan kaɗai da bai zama komai ba. Amma Nok ta hango ni, ta baro mutanenta ta fito babu takalmi, idonta ya kumbura, ta miƙo min hannu biyu da wani ɗan fure a ciki. Na ja da baya, na ɓoye hannuwana cikin hijabi, na ce a'uzubillahi. A fili na faɗa. Matar da ta yi shekaru tana gadin sallata ta san abin da kalmar take nufi, ta san wa ake faɗa wa ita. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta koma ciki. Daga ranar tsakanina da ita sai "morning", sai "morning".

Ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba. Amma tunda kin ce za ku zagaya gidajen ibadarsu, ga abin da na koya da tsada. Goshinki na Allah ne shi kaɗai, kada ki durƙusa wa komai, kada ki yi abin da suke yi don kawai a ɗauke ki hoto. Idan zuciyarki ba ta kwanta da shiga ba, ki tsaya a waje da sakakkiyar fuska. Idan kin shiga, ki shiga a matsayin baƙuwa a gidan mutane. Ki cire takalmi, ki rage murya, ki bar dariyar nan taku ta 'yan London a waje. Wanda kika gani ya durƙusa a wurin, wataƙila uwarsa ce ba lafiya, wataƙila mijinta ne ya mutu. Kina iya riƙe addininki gam ba tare da kin mari mai kuka da shi ba.

Jiya na same ta a ɗakin shan shayi lokacin hutun rana. Na tsaya a kanta kamar mai jiran hukunci, na ce, "Nok, na yi miki laifi ranar makokin mijinki. Na sani tun ranar. Ki yafe min." Ta ci gaba da juya cokali a kofi. Can ta ce, "Six years, sister. Shekara shida kina wuce ni." Na ce haka ne. Ta tura min kujera da ƙafa ta ce in zauna.

Da na gaya mata za ki ƙasarsu kuma ba ki iya ruwa ba, ta ajiye kofin. Ashe ita ma 'yar kudu ce, 'yar bakin teku, babanta masunci ne. Ta ce in gaya miki yanzu damina ce a ɓangaren da za ku, teku yakan yi lumui da safe ya birkice da rana. Idan kin ga jar tuta a kafe a gaɓa, ko ƙafa kada ki tsoma, ko da kin ga Turawa a ciki. Ta ce rigunan hana nutsewa sau da yawa suna ƙarƙashin benci ko a rataye a rufin jirgi, wani mai jirgin ba zai miƙo ba sai an tambaya, don haka ki tambaya. Ta ce akwai ƙauyukan Musulmi masunta da yawa a wajen, za ki ji kiran sallah, za ki samu abincin halal ba wahala, ki nemi matan da suka rufe kai a bakin tukunya. Ta ce idan kin zauna a ƙasa ki naɗe ƙafafunki baya, kada tafin ƙafarki ya kalli mutum ko abin da suke girmamawa. Kada ki taɓa malamansu, kada ki miƙa musu abu hannu da hannu. Sannan kada ki shafa kan ɗan kowa. Na ce mata mu a wurinmu shafa kan yaro sa albarka ne. Ta ce ta sani, ta sha ganina ina yi wa 'ya'yan mutane a asibiti tana kau da kai.

Har mun fara dariya. Sai ta ciro waya ta ce ƙanwarta tana nan a garin da za ku kwana biyu, za ta tura mata sunanki ko da wani abu zai taso. Ta ce, "Yaya sunanta?" Na ce babbar ce, kin san ta ai. Ta ce, "Na san ta. Sunan nake so." Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Nok ta zuba min ido. Na ce bari in rubuta mata. Ta riƙe biron ta hana ni. Ta ce, "Su ma iyayenmu na da sukan ɓoye sunan jariri, su kira shi tsuntsu ko kwaɗo, don kada mugun abu ya ji ya ɗauke shi. Ni ma Nok ɗin nan ma'anarsa tsuntsu ne. Amma 'yarki shekararta ashirin da huɗu. Wa kike ɓoye wa ita?" Sai ƙararrawar wani majinyaci ta yi ƙara, na tashi na gudu.

Ke zan ba amsar. Kin taso kina jin ina kiran Nana sau hamsin a yini, ke kuwa sai "ke", sai "yarinyar nan", a gaban mutane "babbar". Duk lokacin da kika tambaya nakan ce al'ada ce, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa. Gaskiya ne, haka aka yi mana, kuma a can gida kowa ya san wannan kunyar so ce. Amma ke a Woolwich kika girma, inda uwar kowa take tsayawa a ƙofar makaranta ta ƙwala sunan ɗanta. Kin ɗauka ba na son ki kamar Nana. Na ga hakan a fuskarki tun kina ƙarama, na bar ki da shi, domin al'adar rabin dalilin ce kawai.

Kin san sunan yayata aka sa miki. An gaya miki zazzaɓi ne ya kashe ta. Ba zazzaɓi ba ne.

Ina da shekara tara, Yaya tana da goma sha biyar, ita ce 'yar farin Inna. Ranar kasuwa ce, da hantsi, muka je bakin kogi wanki mu uku. Gaɓar a cike take, jirage suna ta shigowa daga tsibirai, injuna na ruri, ana sauke buhunan albasa, mata da 'yan mata ko'ina. Ruwa ya ja zanen Inna guda ɗaya, sabo, Yaya ta bi shi. Ruwan iya gwiwarta, sannan iya cinya. Akwai wani wuri da yashi yake yankewa lokaci ɗaya, duk 'yan garin sun san shi, amma ruwa ya ƙaru a makon, alamar da ake ganewa da ita ta nutse. Inna ta ɗago kai ta ga inda ta nufa. Ta miƙe tsaye ta ce, "Ke! Ke yarinyar nan!" Yaya ta ba mu baya, idonta a kan zane. Inna ta sake cewa, "Ke! Dawo!" A gaɓar nan kowace yarinya "ke" ce. Ni kuma na ƙwala, "Yaya!" Mata da yawa suka waiwayo, domin kowacce yayar wani ce. Ita ba ta waiwayo ba. Na san sunanta, yana bakina, amma ƙanwa ba ta kama sunan yaya, an sha dukan bakina a kan haka. Ta ƙara taku biyu, ta miƙa hannu ga zanen. Daga nan sai zanen kawai muke gani.

Masunta sun samo ta washegari da rana. Ban sani ba ko da mun kira sunanta za ta ji, injuna suna ƙara sosai. Wataƙila kwananta ne ya ƙare ko me aka kira, kuma na yarda da ƙaddara. Amma shekara arba'in da uku ke nan ina ganin bayanta, ina jin sunan a kan harshena. Inna har ta koma ga Allah ba ta furta shi ba, ba mu kuma taɓa zama mun yi maganar ranar ba, ko sau ɗaya.

Da aka haife ki, Abbanki ya sa miki sunanta don ya faranta min. Na yi godiya, na yi kuka, kowa ya ɗauka na daɗi ne. Na rubuta sunan a takardun makaranta da na likita ba adadi, amma ban taɓa kiran ki da shi ba. Kunyar 'yar fari ta zame min wurin ɓuya. Ina tsoron idan na faɗe shi da ƙarfi, ruwa zai ji.

Ranar Lahadi da na ji kin ce kin iya iyo, abin da ya zo min ke nan: kina tsakiyar teku a wata ƙasa, kin ba ni baya, ni kuma ina nan da "ke" a bakina. Shi ya sa na ɗauki fasfon. Ba hujja nake kawowa ba, dalilin da Abbanki ya ce in rubuta ne.

Nasihar da ke cikin wannan gajeriya ce. Kunya abu ne mai kyau, ina so ki riƙe ta a inda take da amfani. Amma duk ranar da kika ga mutum ya nufi inda zai halaka, ki kira shi da sunansa da duk ƙarfinki, ko sarkin garin ne, ko surukarki ce. A yi miki faɗan rashin kunya daga baya. Kuma ki gaya wa su Rifkatu, idan sun ga kin yi nisa, cikakken sunanki za su kira, ba "babe" ɗin nan da kuke ce wa juna ba, wanda duk 'yan matan gaɓar za su waiwayo.

Jiya da na tashi daga aiki ban wuce gida ba. Na sauka na gangara bakin kogi, wajen da jirgin fito yake ɗaukar motoci. Shekara ashirin da shida ina unguwar nan, ban taɓa zuwa wurin da ƙafata ba, kullum ta bayan kasuwa nake zagayewa. Ruwan ya janye, sai laka da warinta. Na kama ƙarfen gaɓar da hannu biyu. Na gwada faɗar sunanki, sau biyu yana maƙalewa. A na uku ya fita, a hankali, kamar mai tambaya. Na sake faɗa da ƙarfi har wani dattijo mai kare ya juyo ya ce ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, 'yata nake kira.

Na yi musayar aikin gobe da Nok, ita ta ce in je. Zan hau jirgin ƙasa in riga ku isa filin jirgi. Ba zan zo da kuka ba, ba zan taɓa jakarki ba, ba zan ce ki fasa ba. Zan tsaya nesa kaɗan da inda ake shiga a duba kaya, wurin da mai rakiya ba ya wucewa. Wurin zai cika da mutane da hayaniya, kuma na san za ki ba ni baya. Zan kira ki sau ɗaya, da sunanki, yadda kowa zai ji. Idan har yanzu kina fushi, kina da gaskiya, ki tafi da fushinki, ki dawo da shi, ɗakinki yana nan ko kin kwana a ciki ko ba ki kwana ba. Ba sai kin zo wurina ba, ba sai kin yi magana ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki waiwayo.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Allah ya tsare ki a sama, ya tsare ki a ƙasa, ya tsare ki a kan ruwa. Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba, ya sa ki ga abin da kika je gani, ki dawo ki ba ni labari har in gaji. Ya jiƙan Inna, ya jiƙan Yaya. Na ba wa Allah ajiyarki, shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa.

Ki yafe min, Hafsatu. Sai goben.

Mahaifiyarki.